Launin Ruwan Ɗorawa da Ke Tona Asirin Guba a Jinin Mai Feshi

Jama'a masu sauraronmu a Bagudo, Illo, Lolo, Ka'oje, Zagga da Tsamiya, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka a Segbana da Malanbil, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a filinmu na lafiyar manomi.

Yau zancenmu a kan wani farin gari ne da galibinku ba ku taɓa gani ba, ba a kuma kasa shi a kasuwa. Yana zaune ne a 'yar kwalba cikin firjin ɗakin gwaje-gwaje, ana ɓoye shi daga haske da danshi don kada ya lalace. Sunansa asetiltayokolin. Ba magani ba ne, ba a sha, ba a shafawa. Aikinsa da ya shafe mu: da shi ake gane ko maganin ƙwari ya shiga jinin mutum ya fara ɓarna, tun mutumin yana tafe da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa lau.

Me ya haɗa mu da shi a nan bakin Kwara? Noma ne. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015, sannan aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 shinkafar gida ta yi daraja, fadamunmu ba su ƙara hutawa ba. A girbe na damina, a shiga na rani. Inda noma ya ƙaru kuwa feshi ya ƙaru. Yau akwai matasa da sana'arsu ke nan, su goya famfo tun hantsi, daga wannan gona zuwa waccan, ana biyansu a kan kowace tanki. Da yamma ɗayansu ya dawo da ciwon kai, da tashin zuciya, da gani dishi-dishi, sai a ce rana ce ta buge shi, ko a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a sayo masa ƙwaya. Wani lokaci hakan ne. Wani lokaci kuma abin da ya goya ne yake aiki a jikinsa.

Bari mu shiga cikin jikin mu ga abin da ke faruwa.

Duk motsin da ɗan Adam ke yi, ɗaga hannu ne, ƙifta ido ne, ko jan numfashi, saƙo ne ke tasowa daga ƙwaƙwalwa ya bi jijiya har ya iso tsoka. To amma bakin jijiyar bai manne da tsokar ba, akwai ɗan tazara a tsakani. Domin saƙon ya tsallaka, jijiya takan fitar da wani sinadari mai suna asetilkolin. Da ya taɓa tsoka sai ta motsa. Shi ne kuma yake umartar bakinka ya kawo miyau, idonka ya kawo hawaye, hanjinka ya motsa, zuciyarka ta sassauta bugu. Wani likita mai suna Otto Loewi ne ya tabbatar da wannan a ƙasar Ostiriya a 1921, da zukatan kwaɗi guda biyu: ya ɗebi ruwan da ke kewaye da zuciyar da aka sa ta rage bugu, ya zuba wa ta biyun, ita ma ta rage. Wannan aiki ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1936 tare da Henry Dale na Ingila.

Saƙon da ya isa dole a share shi nan take, in ba haka ba tsoka ba za ta saki ba. Allah cikin ikonsa ya ajiye mai sharar a daidai wurin: wani inzayim ne, wato sinadarin jiki mai sarrafa wasu sinadarai, ana kiransa kolinestares. Yana datsa asetilkolin gida biyu da saurin da ya wuce misali, dubbai a cikin daƙiƙa guda. Ku da kuke ban ruwa kun san injin da aka tayar amma makashinsa ya lalace: ruwan da ya kamata ya raya shuka shi zai cika gona ya karya kunya ya kwantar da shinkafa. Haka jiki yake idan maganin ƙwari ya hana kolinestares aiki. Miyau ya yi ta dalala, gumi ya jiƙa riga, hawaye da majina su zubo, amai da zawo su taso, tsoka ta riƙa ɓari, baƙin tsakiyar ido ya tsuke ya zama ɗan ɗigo. Mafi muni, ruwa ya taru a huhu, tsokar da ke jan numfashi ta gaji ta tsaya. Yawancin waɗanda wannan guba ke kashewa, rashin numfashi ne ajalinsu.

Abin da zai ba ku mamaki, ƙasarmu tana da hannu a gano wannan ilimi. A Kalaba akwai wani wake mai dafi da mutanen Efik na dā suke ba wanda ake tuhuma da maita ya ci. Turawa suka kai shi Edinbara, wani malamin ilimin guba mai suna Robert Christison ya ɗanɗana shi da kansa a 1855, ya sha da kyar. A 1864 aka tace sinadarin da ke cikinsa. Daga baya, a 1926, Loewi da abokin aikinsa suka nuna cewa dafin waken Kalaba yana aiki ne ta hanyar hana mai sharar nan yin aikinsa. A kan fasalin wannan dafi aka ƙera wani rukunin magungunan ƙwari da ake kira kabamet, irin su Furadan.

Rukuni na biyu, wanda ya fi yawa a hannunmu, shi ne oganofosfet. Asalinsa Jamus ne, inda wani masani mai suna Gerhard Schrader yake neman maganin ƙwari, a 1936 ya ci karo da gubar yaƙi. Gubar sarin da aka watsa a jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Tokiyo a 1995 'yar wannan gida ce. Waɗanda ake sayar mana an rage musu ƙarfi nesa ba kusa ba, amma hanyar kisansu ɗaya ce, kuma ba su bambanta tsutsar kara da ɗan Adam, domin dukkanmu da irin wannan inzayim muke rayuwa. A cikinsu akwai diklobos, wanda za ku ga an rubuta DDVP a jikin kwalbarsa. Shi ne ke cikin Sniper, shi ne kuma ake durawa a ƙananan kwalabe ana talla da sunan fiya-fiya. Saboda ragowarsa a jikin wake ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi barkatai a kantuna da kasuwanni. Akwai kilofirifos, akwai dayimetowet. Wasu magungunan kaska da makiyaya ke wanke shanu da su 'yan gidan ne. Haka fentiyon, wanda aka daɗe ana fesa wa tsuntsayen jan-baki a ƙasashen Afirka. Don haka ina roƙon iyaye mata da yara: tsuntsun da ya faɗo bayan an yi feshi, kada a tsince shi a kai tukunya.

Yanzu mu koma ga farin garin nan. Ta yaya za a auna abin da ido ba ya gani? Sa'ar da aka yi ita ce kolinestares ba a bakin jijiya kaɗai yake ba. Akwai irinsa a jikin jajayen ƙwayoyin jini, akwai kuma ɗan'uwansa da hanta ke yi, yana yawo a ruwan jini. Abin da guba ta yi wa na jini yana nuna abin da take yi wa na jijiya. Matsalar ita ce idan inzayim ya datsa asetilkolin na ainihi, babu wani launi ko alama da ke bayyana. Sai masana suka ƙera wani sinadari mai kama da shi ƙwarai, suka sauya masa ƙwayar zarra guda ɗaya tak, suka sa ta farar wuta a gurbin ta iskar oksijin. Shi ne asetiltayokolin. Inzayim yana karɓarsa ya datsa shi yadda yake datsa na ainihi, amma guntun da ya fita yana ɗauke da farar wutar nan a buɗe. George Koelle da Jonas Friedenwald ne suka fara amfani da shi a 1949 don gano inda inzayim ɗin yake a sassan jiki. A 1961 kuma George Ellman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka haɗa shi da wani sinadari na biyu mai suna DTNB, wanda da zarar ya gamu da guntun nan sai ruwan ya rikiɗe ya zama ruwan ɗorawa.

Ku saurari wannan da kyau, domin a nan hikimar take. A ɗiga jinin mutum kaɗan a cikin ruwan gwaji, a zuba DTNB, a zuba asetiltayokolin, a sa a na'urar auna launi. Idan inzayim ɗin mutum yana da ƙarfinsa, ruwan ɗorawa zai yi ta ƙaruwa da sauri. Idan guba ta kama shi, launin zai riƙa zuwa a hankali, ko ya ƙi zuwa. Na'ura ta auna saurin, ta ba da lamba. Cikin 'yan mintoci an gama. In kuma ɗan'uwan nan na ruwan jini ake son aunawa, sai a yi amfani da wani gari makamancinsa mai suna butiriltayokolin. Sama da shekara sittin ke nan, kuma har gobe wannan hanya ta Ellman ita ce aka fi bi a duniya. Masu neman maganin cutar mantuwa ta tsufa da ita suke tantance magungunansu. Masu binciken gurɓatar ruwa da ita suke auna ƙwaƙwalwar kifi su gane ko feshin gona yana gangarawa kogi, abin da ya kamata masuntanmu su sa wa kunne. An ma ƙera ƙaramin akwati da ake ɗauka zuwa gona, mai aiki da batir, wanda ɗigon jini ɗaya daga ɗan yatsa ya ishe shi.

Har sauro ana yi masa wannan gwaji, kuma maƙwabtanmu na Benin sun yi nisa a nan. A 2017 an fesa wani oganofosfet mai suna Actellic a bangon ɗakuna a yankunan Kandi, Gogunu da Segbana don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Sai dai akwai sauron da halittarsa ta sauya, inzayim ɗinsa ya daina jin irin wannan magani. Masu bincike a Kwatano sukan niƙe sauro, su zuba masa magani, su zuba farin garin nan. In launi ya ci gaba da fitowa duk da maganin, sun san sauron ya yi taurin kai. Sauro ba ya tsayawa a shingen kwastan. Yawan feshin gona ba bisa ƙa'ida ba yana daga cikin abubuwan da ke horar da shi, ka ga ɓarnar ta tashi daga gona ta biyo mu har gado.

Tunda mun ambaci iyaka, akwai abin da ya keɓanta da mu. Jihar Alibori da ke maƙwabtaka da mu ita ce cibiyar noman audugar Benin, auduga kuwa shuka ce mai shan magani, kuma da yawa daga magungunanta gauraye ne da oganofosfet. Kwalbar da aka yi don auduga takan sauya hannu ta faɗa gonar wake, ko ta kuɓewa, ko ta tumatir. Arewacin Benin ya ɗanɗana kuɗar wannan a kakar 1999 zuwa 2000, lokacin da wani maganin auduga mai suna endosulfan ya hallaka gomman mutane, wasunsu ta hanyar abincin da ya gurɓata. Wancan na wani rukuni ne dabam, kuma an haramta shi, amma hanyar da ya bi ya shiga gidaje tana nan a buɗe. Ga shi rubutun kwalbar da Faransanci yake, mu kuma ko Turancin Ingilishi ba kowa ke karantawa ba. In ba ka iya karatun ba, dubi zanen launi da ke gindin takardar. Ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Wanda aka juye a gorar ruwa babu takarda babu suna, wallahi ko kyauta aka ba ka, ka bar shi. Ranar da ya kama wani, likita ba zai san da me yake faɗa ba.

Abin da ya fi damuna a wannan al'amari shi ne gubar da ke taruwa a ɓoye. Idan oganofosfet ya kama inzayim, riƙon yana daɗewa, wani ma ba ya saki har abada, sai jiki ya ƙera sabo. Na ruwan jini yakan dawo cikin 'yan makonni. Na jajayen ƙwayoyi kuwa sai an sauya ƙwayoyin, su kuma kwana wajen 120 suke rayuwa. Ke nan yaron da ya yi feshi Asabar ya rasa kaɗan, ya koma Lahadi ya ƙara rasa kaɗan, bai kai ga mayar da na jiya ba ya ɗora na yau. Yana iya rasa kaso mai yawa bai ji komai ba. Rannan sai ɗan abin da ya saba shaƙa ya kayar da shi, mutane su ce abin ya zo farat ɗaya. Ai ya daɗe yana zuwa.

Wannan ne dalilin da ya sa jihar Kalifoniya ta Amurka, tun 1974, ta wajabta auna jinin ma'aikatan da ke yawan taɓa waɗannan magunguna. Ana fara auna mutum kafin kakar feshi, bayan ya yi aƙalla kwana 30 bai taɓa magani ba, a rubuta lambarsa ta asali. Sai a riƙa sake aunawa. In na jajayen ƙwayoyi ya sauko zuwa kashi 70 cikin ɗari na asalinsa, ko na ruwan jini ya sauko zuwa kashi 60, sai a janye shi daga feshi, a ba shi wani aiki, har sai ya farfaɗo zuwa kashi 80. Lambar asali tana da muhimmanci domin kowa da tasa. Abin da yake daidai ga Malam Wane yana iya zama ƙasa ga ƙanensa. Ciwon hanta, rashin abinci mai gina jiki da juna biyu duk suna rage na ruwan jini, ƙarancin jini kuma yana shafar ɗayan, shi ya sa mai gwaji yake haɗawa da auna yawan jini.

Gaskiya ce a faɗa, gwajin yana da iyakarsa. Ba ya ganin maganin ciyawa irin farakwat da gilayifoset, ba ya ganin Karate da danginsa, ba ya ganin ƙwayar da ake jefawa a buhun hatsi. Waɗannan ta wata hanya suke cutarwa, wasunsu ma sun fi muni. Kabamet kuma yakan saki inzayim cikin awoyi, ta yadda in an makara gwajin zai nuna kamar lafiya. Don haka kyakkyawan sakamako ba lasisin sakaci ba ne.

Idan kuma mutum ya riga ya faɗi, ba a jiran gwaji. Ku janye shi daga wurin, ku sa leda a hannuwanku, ku tuɓe masa kayan da suka jiƙe, ku wanke shi da ruwa mai yawa da sabulu. Ku kwantar da shi a gefensa don miyau da amai su fita, kada a rigingine. Iyayena, na san al'adarmu ce a ɗura wa mutum madara ko manja, ko a sa masa yatsa a maƙogwaro. Don Allah a bari. Mutumin da hankalinsa ya gushe, abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya, ga shi yawancin magungunan nan a cikin mai irin kananzir aka narka su, amansu yana ƙona huhu. A garzaya asibiti mafi kusa, a tafi da kwalbar. Akwai allurar atirofin da ke busar da ruwan huhu ta ceci rai, ana kuma iya buƙatarta da yawa, sau da yawa. Akwai wata mai suna firalidokzim da ke ƙwato inzayim in an yi ta da wuri. In ya farfaɗo likita ya ce a bar shi a kwance, a bar shi. Akwai waɗanda bayan kwana ɗaya zuwa huɗu da samun sauƙi wuyansu ke saki, numfashi ya sake gagara, kuma in hakan ta faru a gida babu mai iya taimako.

Kai kuma ɗan'uwana mai feshi, lokacin da ya fi haɗari a yininka shi ne lokacin haɗa magani, sa'ad da yake da kaurinsa ba a sirka ba. Kada ka dama da hannu. Bakin famfo in ya toshe, tsinke ne maganinsa, kada ka busa da baki. Tankin da ke yoyo a gadon bayanka yana shayar da kai guba ta fata, kuma fata mai gumi cikin zafin rana ta fi sha, shi ya sa sanyin safiya ko na yamma ya fi, iska tana bayanka. Goro da sigari su jira sai ka wanke hannu. Kayan feshi a wanke su dabam, domin matarka ko ƙanwarka da ke wankin ita ma tana taɓawa. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne nesa da rijiya. Ba ta zama butar alwala, ba ta zama gorar man gyaɗa. Wadda ba ta ƙare ba a kulle ta inda yaro ba ya kaiwa, inda kuma wanda baƙin ciki ya rufe wa ido ba zai same ta a kusa ba.

A ƙasar nan ba a saba auna jinin masu feshi ba, ni kuwa a ganina lokaci ya yi da za mu nema da bakinmu. Abin bai fi ƙarfinmu ba. Na'urar auna launi kayan aiki ne na yau da kullum a ɗakunan gwaje-gwaje, jami'o'inmu na Aliero da Birnin Kebbi suna koyar da kimiyyar sinadaran jiki, kuma ɗan garin da ake buƙata a gwaji ɗaya bai taka kara ya karya ba. Shugabannin ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN, malaman gona na KARDA, sarakunan noma da hakimanmu, ku ne za ku ɗauki maganar zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma. A fara da masu feshin haya, su ne suka fi shaƙa. A rubuta sunayensu gari-gari, a auna su a tsakanin girbin damina da fara noman rani, lokacin da famfo yake rataye, kowa a ba shi kati da lambarsa ta asali. A sake aunawa a tsakiyar kaka. Wanda lambarsa ta faɗi, mai gona ya ba shi aikin ban ruwa ko cirar ciyawa na 'yan makonni, don kada tsoron rasa abin sawa a baki ya sa shi ɓoye katinsa.

Nan za mu dakata a yau. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.